Kafin ka aza tubalin farko

Ran nan da munka tashi daga aji, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaida ni bakin ƙofa. Ya ce: "Malam, yaron nan nawa da ke Kwatano ya aiko da ƴan kuɗi. Wai in saya mashi fili in yi ɗakunan haya. Ni ko ban taɓa yi ba. Ta ina ake farawa, ta siminti ko ta kwano?" Na ce: "Baba, da sauran tafiya kafin a kai can. Zamna mu yi magana." Mun daɗe gindin dogon yaro har anka kira la'asar. Abin da na gaya mashi shi ne na rubuta nan, don na san ba shi kaɗai ke da wagga tambaya ba.

Zamanin kakanninmu ba a san haya a ƙauye ba. Baƙo in ya zo, maigari ya nuna mashi wuri, maƙwabta su yi mashi gayya, ya kafa ɗakinshi. Yau abin ya sake. Mutane sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Cikin shekara ta 2004 anka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Karakara ta samu magajin garinta da majalisa. Cikin 2011 anka cire Junju daga Gaya ta zama departama, Karakara da Zabori suna cikinta. Ana turo malaman lakwal, ana turo ma'aikatan asibiti. Yaran ƙauyuka suna zuwa karatun kwaleji. Masu sayen rake da rogo suna zuwa lokacin kaka. Kowane cikinsu shina bukatar wurin da zai aje tabarma ya kulle ƙofa. Ke nan mai ɗaki shina da abin sayarwa. Amma waɗanga mutane ba attajirai ba ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kanshi wurin lissafi.

Abin da ya same ni

Bari in fara da kaina, don kar ku ce malam daga takarda ya ɗauko.

Cikin 2009 na saida raken shekara biyu da bijimi guda, na sayi gefen wata gona a bakin gari. Mai gonar mutumin kirki ne, Allah shi jiƙanshi. Mun yi ciniki gaban dattawa biyu, anka yi fatiha, na raba goro. Wani abokina ya ce mu yi takarda. Na ji kunya. Na ce ai mutumen nan kamar uba yake gare ni, in na nemi takarda sai ya ga kamar ban yarda da shi ba. Da rani na buga tubali na jibge a wurin.

Kafin in fara gini mai gonar ya rasu. Bayan sadakar arba'in ƙanenshi ya komo daga Ikko. Ya ce gonar ta ubansu ce, ba a taɓa raba gado ba, marigayi ba ya da ikon saida ko taki guda shi kaɗai. Kuma gaskiya ya faɗa. Cikin shaiduna biyu, guda ya riga mu gidan gaskiya, gudan tsufa ya kama shi, bai tuna ko nawa na biya ba. Anka zamna, anka yi sulhu, anka maida mani rabin kuɗina, shi ma kaɗan-kaɗan. Tubalin kuwa damina biyu ta bi ta kanshi, ya koma tudun laka. Har yau in na bi ta wurin ina ganin alamar.

Ba wanda ya cuce ni da gangan. Tambaya guda ce ban yi ba: wanga fili, ta yaya ya zo hannunka?

Ƙasa tana shiga hannun mutum ta hanyoyi daban-daban. Akwai gado, akwai saye, akwai kyauta. Akwai kuma aro da jingina. Wanda anka ba aron gona, ko ya yi shekara 30 shina nomanta, ba tashi ba ce, ba ya iya saida ta. Haka wanda ya riƙe jingina: ranar da mai gona ya kawo kuɗinshi sai a maida mashi. Filin gado shi ya fi wuya. In ba a raba ba, dukan magada suna da haƙƙi ciki, har da wanda ke ci-rani, har da mata. Mu nan mukan manta da mata. Ɗiya mace tana da rabonta cikin gadon ubanta, matar mamaci ma tana da nata. Ranar da ɗanta ya girma ya zo neman rabon uwarshi, kai da ka saya kai za a tayar. Saboda haka in filin gado ne, ka ce a tara magada, kowa ya faɗi da bakinshi ya yarda, a rubuta sunayensu.

Takarda

Ƙasarmu tana da dokar karkara, wadda ake kira Code Rural, ta ranar 2 ga watan Maris 1993. Wagga doka ta ce haƙƙin da mutum ya samu bisa al'ada da wanda ya samu bisa rubutacciyar doka, duka kariyarsu ɗaya. Ke nan gonar da ka gada taka ce ko ba ka da takarda. To amma ranar gardama, da mi za ka nuna? Don haka dokar ta kawo kwamitocin ƙasa. Na ƙauye ana ce mashi Kofob, maigari ke shugabantarshi, akwai magatakarda, akwai wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Na kwamin ana ce mashi Kofokom, na departama Kofodep. Suna ba da takardar shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta jingina, da ta mallakar gargajiya. In garinku ba a kafa na ƙauye ba, ka tafi meri ka tambayi na kwamin.

Kar a yi takarda cikin zaure. A tafi bisa filin. A kira maƙwabta na gabas, yamma, kudu da arewa, kowa ya tsaya ga iyakarshi. A auna da mita ko igiya. Ga inda karatunmu zai amfane ku: fili mai mita 20 tsawo, 15 faɗi, sai ka ce 20 sau 15, ya ba ka 300. In mita 20 ne kowane gefe, 400 ke nan. In takarda ta ce 400, igiya ta ce 300, ka tsaya, kar ka sa hannu. Takardun da Faransanci ake cika su, amma lambobi ɗaya ne da waɗanda muke koyo. Sunanka kana iya gane shi. Kuɗin da ka biya kana iya karanta shi. Sauran ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ba ɗan mai saidawa ba. Ka duba kwanan wata, sa hannu ko dangwale, da hatimi. In an gama ka kafa alama ga kusurwa huɗu, turken siminti ko dutse babba, ko ka dasa icce.

Akwai wuraren da ba na kowa ba ne balle a saida maka su. Burtali, makiyaya, bakin tabkin da bisashe ke sha. Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu 2010 ta ƙara ƙarfafa wannan. In ka ga fili ya yi arha ƙwarai a bakin hanyar shanu, ka tambayi Fulanin wurin tukuna. Sun fi mai saidawa sanin inda burtali ya bi.

Cikin birni kamar Gaya ko Doso tsarin ya bambanta. Can meri ke yanka unguwa, abin da ake ce ma lotisma. Kowane fili shina da lambar rukuni da lambar kanshi, takardarshi ita ce acte de cession. Ka ɗauki lambobin ka tafi meri da ƙafarka, a buɗe littafi a ga sunan wa ke ciki. An sha saida fili guda ga mutum biyu, kowa da takarda ga aljihu. In ka saya, ka biya a sake suna ya koma naka. Wasu suna ƙyashin wanga kuɗi, su bar sunan mai fili na farko shekara da shekaru, har ya mutu magadanshi su ga fili da sunan ubansu. Takardar da ta fi duka ƙarfi ita ce titre foncier. Tana da tsada, tana ɗaukar lokaci, amma ita banki ya fi yarda da ita.

In takarda ta shiga hannunka, ka yi mata foto-kwafi biyu. Ta ainihi ka sa ta cikin leda, cikin akwatin ƙarfe. Gara ba ta san hatimi ba.

Ka je ka ga fili cikin Agusta

Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Mu nan cikin dallol muke, Dallol Mauri, ruwa kusa yake. Shi ya ba mu rake da rogo da garake, shi ne kuma abokin gabar bango. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama cikin Nijar. Kun ga ambaliyar 2012, kun ga ta 2020. Cikin 2024 ta shafi mutum fiye da miliyan guda a ƙasar nan, gidaje sunka zube ba adadi. Har tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara 100 tsaye, ya faɗi cikin watan Satumba na wannan shekara.

To, kar ka biya kuɗin fili sai ka gan shi bayan ruwa mai ƙarfi. In ba ka iya jira, ka tambayi tsofaffin mata na unguwar inda ruwa ke kwanciya, su ke bin hanya kullum zuwa rijiya. Ka duba ƙasa. In ka ga fari-fari bisa kamar an barbaɗa gari, kanwa ce ko gishiri, tana cin gindin bango daga ƙasa, ko na siminti ne. Tudu mai nisa kaɗan da kasuwa ya fi kwari da ke tsakiyar gari.

Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne

Yanzu yaro in ya samu kuɗi sai ya ce shi bulo zai yi, ginin laka na talaka ne. Ni ban yarda ba. A Yama, cikin jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da laka cikin 1962. Cikin 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-ginen da sunka yi fice cikin duniyar Musulmi. A Yamai kuma cikin 2016 anka gama wasu gidaje da ake kira Niamey 2000, da bulon ƙasa wanda inji ya matse. Cikin waɗanda sunka zana su akwai ƴar ƙasarmu Mariam Kamara. Nufinsu a nuna ana iya yin gidan birni mai kyau da ƙasar da muke takawa. Kuma kowa ya sani, cikin Afrilu ɗakin laka ana iya barcin rana cikinshi, ɗakin bulo da kwano kuwa tanda ne.

Abin da ke kada ginin ƙasa ruwa ne, ta ƙasa da ta bisa. Saboda haka ɗan kuɗin da kake da shi, ka zuba shi ga wuri biyu: gindi da rufi.

Gindi: a haƙa har a taras da ƙasa mai tauri. A jera dutsen marmara, in da hali a kama shi da siminti, a ɗago shi ya fi hanya tsawo kamar kamu guda ko fiye. Daga nan a ci gaba da tubalin laka wanda ya bushe sarai. Daɓen ɗaki shi ma ya fi tsakar gida tudu. A yi ma ruwan tsakar gida hanyar fita tun ranar farko, amma ba bisa bangon maƙwabci ba.

Rufi: in kwano ne, a bar shi ya zarce bango, don ruwa ya zuba nesa da gindi, a ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damina. In soro ne, indararo ya zama dogo, kuma kowace shekara kafin ruwan fari a hau a duba. Iyayenmu suna jiƙa makuba, ɓawon ɗorowa, su yi yaɓe da daɓe da ruwanta don ta hana ruwa shiga. Ɗorowa ba ta ƙare ba a ƙasarmu, mu ne munka bari. Wasu kuma suna shafe bangon laka da siminti kai tsaye. Siminti ba ya riƙe laka da kyau. In ba a sa ragar waya ba, bayan damina biyu ko uku sai ya ɓamɓare, ko ruwa ya ɓuya bayanshi shina cin bango ba ka gani.

Maganar azara. Allah ya ba yankinmu giginya, azararta gara ba ta cinta da sauƙi, har Yamai ake kai ta. Amma giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ka sayi azara inda anka yarda a saida, ka karɓi takarda. Azarar dare tana da arha, tararta ba ta da arha. Akwai kuma ginin da ba icce ko guda, rufin tubali mai kama da tulluwa, wanda anka fara koya ma magina a Cikal, ƙasar Filinge, cikin 1980. Shina da kyau, amma sai maginin da ya koye shi sosai, balle nan inda ruwa ke da yawa. Kar ka bar wani ya koya bisa kanka.

In bulon siminti za ka saya, ka sani buhu guda kilo 50 ne, buhu 20 ke yin tan guda. Ka tambayi mai bugawa bulo nawa yake fitarwa cikin buhu. In adadin ya yi yawa, rairayi ne ya yi yawa. Ka ɗauki guda ka sake shi daga tsayin ƙugu. In ya watse, ka san abin da za ka saya. Bulo kuma shina son a shayar da shi ruwa kamar kwana 7 bayan bugawa. Simintin Malbaza ne ko wanda ya ƙetaro daga Sakkwato, duk ɗaya, in ya sha sanyi ya dunƙule cikin buhu ya mutu. Kar ka saye shi da damina ka aje sai rani.

Makewayi kuma ba a barin shi sai ƙarshe. Ɗakin haya da ba salga, mai haya ba ya daɗewa. Tun da ruwanmu kusa yake, a nisanta ramin da rijiya, kamar mita 30 in fili ya yarda, kuma kar a haƙa shi har ya taɓa ruwa.

Mu yi lissafi

Ku ɗauko alli. Lambobin da zan ba ku na misali ne don koyon hanya. Kowa ya tambayi magini da kasuwa farashin ranar, ya sa nashi.

Mu ɗauka ɗaki na farko: gindin dutse, bangon laka, daɓen siminti, rufin kwano, ƙofa da taga na ƙarfe. Mu ce ya ci jika 300, wato 300.000. Mu ce haya jika 4 ga wata. Kar ka yi saurin cewa wata 12. Malamin lakwal shina tafiya hutu, ana canza ma ma'aikaci gari, ɗaki shina zama wofi kafin wani ya zo. Mu ƙirga wata 10. 4.000 sau 10, 40.000 ke nan. A cire gyara, yaɓe, kwaɗon ƙofa, yasar salga, mu ce 8.000. Saura 32.000 ga shekara. A raba 300.000 da 32.000. Ya ba mu 9 da ɗan ɗori. Ke nan sai bayan shekara 9 kuɗin gininka za su komo, ba a sa kuɗin fili ba.

Ɗaki na biyu: bulo tun daga ƙasa har bisa, silin, fenti. Mu ce 900.000. Haya 8.000 sau 10, 80.000. Gyara kaɗan ne, 5.000. Saura 75.000. A raba 900.000 da 75.000, shekara 12.

Kun gani? Da kuɗin ɗaki na biyu ana yin irin na farko guda 3, su kawo 96.000 ga shekara maimakon 75.000. Kuma ku tuna masu hayarmu. Mutum nawa ne a Karakara za su iya biyan jika 8 kowane wata? Masu iya biyan 4 sun fi su yawa nesa. Ɗaki mai sauƙin kuɗi, mai tsabta, wanda ba ya yoyo, ba ya rasa mai shiga. In guda cikin uku ya zama wofi, biyu suna kawowa.

Wani zai ce: malam, ai kiwon rago ya fi wannan saurin riba. Gaskiya ne. Rago wata 6 ka ga kuɗinka. Sai dai rago shina mutuwa, ana sace shi, kasuwar layya tana faɗuwa. Ɗaki riba tai kaɗan ce amma tana daɗewa, kuma ranar da ɗanka zai yi aure ga wurin zama. Mu da munka ga watan Janairu 1994 muna yara, lokacin da anka karya darajar sefa da rabi, mun ji iyayenmu suna cewa wanda ya aje kuɗi cikin tukunya ya yi asara, wanda ya aje su cikin bango bai yi ba. Amma kar ka saida gonar da kake ci don ka yi ɗakin haya. 32.000 ba ta ciyar da gida shekara.

Ga lissafi na ƙarshe, shi ya fi muhimmanci. Mu ce ka ci bashin 300.000, ana ɗora maka 12 bisa 100 ga shekara. 36.000 ke nan ruwan kuɗin kaɗai, ɗakin ko 32.000 yake kawowa. Ka yi ma mai bashi aiki, har ka cika mashi daga aljihunka, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Ban da abin da malamai sunka faɗa bisa riba, wanda kun fi ni ji. Akwai bankin gidaje, Banque de l'Habitat du Niger, da anka buɗe a Yamai cikin 2018. A ganina irin wannan ya fi dacewa da mai albashi, wanda ake cirewa ƙarshen wata. Manomi da kuɗinshi ke zuwa sau guda ga shekara, hanyarshi daban.

Hanyarmu ita ce kaɗan-kaɗan. Bana fili da takarda. Baɗi dutse da tubali, tubalin ma kai da yaranka kuna iya buga shi bayan girbi, amma kar a buga sai an san za a gina a rufe kafin ruwa. Ɗaki guda a gama shi sarai, mutum ya shiga, hayarshi ta taimaka ga na biyu. Ku dubi gidajen da anka ɗora ɗaki 6 lokaci guda, kuɗi sunka ƙare ga tsayin taga, awaki ke kwana ciki yau shekara nawa. Mata kuwa sun riga mu sanin dabara. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maradi cikin 1991, da adashen da kuke zubawa ranar kasuwa, in kwasa ta zo tana sayen kwano bandir guda ko ƙofa. Mace tana da ikon sayen fili da sunanta, takarda ta fito da sunanta. Ƴar uwa, in kuɗinki ne, kar kunya ta sa a rubuta sunan wani. Ni kunya ta ci mani rabin bijimi.

Masu hangen Gaya

Dattijon nan ya ce ɗanshi ya fi son a saya a Gaya, wai can haya ta fi tsada. Haka ne. Gaya bakin iyaka ce, ga gada zuwa Malanbil, ga hanyar Kamba. Direbobi, ƴan taransit, ƴan kasuwa, duk suna neman ɗaki da mangaza. Amma abin da iyaka ta kawo, iyaka tana iya ɗauke shi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka rufe gadar Gaya, ko da anka ɗage takunkumi cikin Fabrairu 2024 ba a buɗe ta lokacin ba, mutane sunka koma ƙetarewa da jirgin ruwa. Wanda ya gina don manyan motoci kaɗai ya ji a jikinshi. Haka maganar jirgin ƙasa: an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, anka yi buki cikin 2016, bai iso Gaya ba. Duk wanda ya sayi fili da tsada don an ce nan tasha za ta zamna, sai ya ba ku labari. In za ka saya can, ka zaɓi inda ko iyaka na rufe akwai mai bukata, kusa da makaranta, asibiti ko kasuwa. Kuma ka tambayi kanka wa zai karɓar maka haya, wa zai hau rufi in ya yi yoyo, kai kana Karakara, mai kuɗin shina Kwatano.

Tsakaninka da mai haya

Ranar da zai shiga ku yi ƴar takarda, ko da Hausa ce, ko da ajami. Sunanka, sunanshi, kuɗin wata, ranar biya, wa ke gyaran mi, da kwana nawa za a sanar in ɗayanku na son a rabu. Shaidu biyu su sa hannu. Ka sayi kaye guda don haya kaɗai. Duk wata ka rubuta kwanan wata da abin da anka biya, shi ma ya sa hannu. Ka tambaya a ofishin lanho abin da ke kan gidan haya, don kar ya taru maka. In rufi ya yi yoyo ka gyara kafin ka zo karɓar kuɗi. In albashi ya yi jinkiri ka yi haƙuri da wanda ka san shina biya, malamin da ya zamna shekara 4 cikin ɗakinka ya fi sabon da zai ƙara maka dala 100 ya gudu bayan wata 3.

Dattijon ya komo bayan sati biyu. Ya ce filin da anka nuna mashi na magada 7 ne, biyu suna Najeriya, an aika a kira su. Ya ce kuɗin suna nan bai taɓa ba, ya gaya ma yaron ya yi haƙuri sai bayan damina.

Ranar Litinin mai zuwa, duk mai takardar gona ko ta fili ya zo da ita aji, cikin leda. Za mu nemi sunan kowa cikin tashi, mu karanta lambobin tare. Wanda ba ya da takarda ya auno tsawo da faɗin gidanshi da igiya, ya zo muna da adadin.